Gidaje Ɗari a Gonar Bakin Ƙauye: Yadda Rikicin Hurumin Ingila Yake

Colney Heath ƙauye ne a gundumar Hertfordshire, arewa da Landan, tsakanin garin St Albans da garin Hatfield. A bakinsa akwai wata gona da ake kira Roundhouse Farm, wadda iyakar ƙananan hukumomi biyu ta ratsa, wato St Albans da Welwyn Hatfield. Wani kamfani ya nemi izinin gina gidaje har 100 a cikinta. Hukumomin biyu ba su amince ba, mutanen ƙauyen ma suka tashi haiƙan, saboda gonar tana cikin filin da gwamnati ta keɓe domin kada gini ya shiga. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. A watan Yunin 2021 sufetar gwamnati mai duba ƙarar izinin gini, bayan ta saurari kowane ɓangare, ta yarda cewa ginin zai yi wa filin illa, sannan ta ce a gina. A watan Janairun 2024 kuma wani sufeto ya duba buƙatar gina gidaje 150 a wani gefen na wannan ƙauyen, ya hana.

Wanda ya ji hukuncin nan biyu zai ɗauka son rai ne ko kuma wani ya ci wani abu. Ba haka ba ne. Dukansu sun fito ne daga tsari ɗaya wanda ya bar wa mai hukunci sikeli a hannu, ya auna illar gini da buƙatar gida. Tun watan Disambar 2024 kuma an sauya duwatsun da ake awon da su, sauyin da ya fi shafar ƙauyuka fiye da kowa. Kafin a kai ga wannan, sai an fara sanin filin da ake faɗa a kansa.

Turawan Ingila suna kiransa Green Belt, ma'ana koriyar ɗamara, domin ya kewaye birni kamar yadda ɗamara ke kewaye ƙugu. Kalmar da ta fi kusa da shi a wurinmu ita ce hurumi, filin bayan gari da aka hana kowa ya taɓa, da ita zan ci gaba. Sai dai akwai bambanci babba: hurumin Ingila ba na jama'a ba ne. Gonakin mutane ne da dazuzzukansu da filayen wasansu, kowa da takardar mallakarsa, yana iya noma, yana iya sayarwa, gini ne kawai aka ɗaure masa hannu a kai. Haka kuma ba irin ɗamarar bishiyoyin darbejiya ba ce da aka fara dasawa a kewayen Yamai a shekarun 1960 domin tare iska da ƙura. Ta Ingila layi ne a taswira. Wani wuri ka ga alkama da tumaki, wani wuri ka ga tsohon gareji ko filin ajiye motoci, duk suna cikin layin. Irin waɗannan hurumai 14 ne a Ingila, faɗinsu ya haura hekta miliyan 1.6, kusan kashi 12 da rabi cikin ɗari na ƙasar. Na Landan kaɗai ya wuce hekta dubu 500, ya ninka birnin kansa sau uku. Kusan kashi biyu cikin uku na hurumin gonaki ne.

Tsoron kada Landan ta haɗiye karkara tsoho ne. Tun a 1580 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta hana sabon gini a tazarar mil uku daga ƙofofin birnin, hanin da bai yi tasiri ba. Abin da ya tayar da hankali sosai shi ne ginin da aka yi tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da gidaje suka riƙa bin gefen sababbin tituna da layukan dogo, jere-jere, har ƙauyuka suka wayi gari sun zama unguwanni. A 1938 aka yi dokar da ta ba hukumomin Landan da kewaye damar sayen filaye su ajiye. A 1944 masanin tsara birane Patrick Abercrombie ya zana wa Landan zobe a taswirarsa. A 1955 ministan gidaje Duncan Sandys ya aika wa ƙananan hukumomi takardar umarni cewa su ma su shata wa garuruwansu irin wannan hurumi. Daga nan ya bazu zuwa Birmingham da Manchesta da Oxford da Cambridge da York da sauransu.

Amma dokar da ta fi kowacce nauyi a wannan labari ita ce ta 1947 kan tsara birni da karkara. Wannan doka ta bar wa mai fili filinsa, ta karɓe ikon gini ta mayar hannun hukuma. Daga ranar, mallakar gona ba ta ba ka damar aza bulo a kanta, sai da izini. Su kuma waɗanda suka yi dokar ba su tsaya ga hani ba. Shekara guda kafin ta, a 1946, sun yi dokar sababbin garuruwa: aka ɗaure birni da ɗamara, aka tsallaka bayanta aka gina garuruwa sukutum irin su Stevenage da Harlow, ita kanta Hatfield maƙwabciyar Colney Heath tana cikinsu. Ga ƙananan hukumomi kuma suna gina gidajen haya masu arha, fiye da dubu ɗari a shekara, tsawon shekaru. Ƙafa biyu tsarin yake tafiya da su, hani a nan, gini a can. Daga baya aka daina kafa sababbin garuruwa, a 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ba masu haya damar sayen gidajen hukuma da rangwame, aka sayar da kusan miliyan biyu a Ingila ba tare da an mayar da gurbin mafi yawansu ba. A daidai wannan zamanin faɗin hurumi ya ninka fiye da sau biyu. Ƙafa ɗaya ta shanye, ɗayar ta ƙara ƙarfi.

Sakamakon yana nan a alƙaluman hukuma. A 1997 matsakaicin gida a Ingila kuɗinsa ya kai albashin shekara uku da rabi na matsakaicin ma'aikaci. A 2023 ya haura albashin shekara takwas, a garuruwan da ke kewaye da Landan kuwa irin St Albans abin ya wuce haka nesa. Iyalai wajen miliyan 1.3 suna layin jiran gidan haya na hukuma. Fiye da iyalai dubu ɗari suna zaune a masaukin wucin gadi, ciki har da yara sama da dubu 150, wasu a ɗaki ɗaya na ƙaramin otal. Ina kawo waɗannan ne tun da wuri saboda su mutanen nan ba a ganin fuskarsu a zauren taron ƙauye idan ana muhawarar gona. Ba su da ƙuri'a a mazaɓar, domin rashin gida ne ma ya hana su zama a can.

To yaya ake yi a shigar da gini cikin hurumi? Ƙofa biyu ce. Ta farko ita ce tsarin gari na ƙaramar hukuma, kundin da kowace hukuma ke rubutawa ta nuna inda za a gina gidajen da ake buƙata a shekara 15 masu zuwa. Idan ta ga filayen cikin gari ba za su isa ba, tana iya ja da layin hurumi baya, ta fitar da wasu gonaki, muddin ta nuna dalili mai ƙarfi, aka ji ra'ayin jama'a, sufeto ya tantance. Ta biyu ita ce kamfani ya nemi izini kai tsaye a kan gonar da ke cikin hurumi. A ƙa'ida irin wannan gini ana ɗaukarsa abin da bai dace ba, sai mai nema ya nuna akwai wani yanayi na musamman ƙwarai wanda amfaninsa ya rinjayi illar a fili.

A nan ne gizo ke saƙa. Gwamnatin tsakiya tana tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta nuna cewa tana da filayen da za su isa buƙatar gidaje na shekara biyar. Hukumar da ta gaza, hujjarta ta yi rauni a gaban sufeto. Kansiloli kuwa zaɓaɓɓu ne, kuma sun san duk wanda ya sa hannu aka yanki hurumi zai gamu da fushin masu zaɓe, don haka da yawansu suka zaɓi jan ƙafa. Lokacin shari'ar Roundhouse Farm, St Albans tana aiki ne da kundin 1994, ɗaya daga cikin mafi tsufa a duk ƙasar, ga shi fiye da kashi 80 cikin ɗari na yankinta hurumi ne. Ita da maƙwabciyarta babu wadda filayenta suka kai na shekara uku. Sufetar ta dubi wannan giɓi, ta dubi alkawarin cewa kashi 45 cikin ɗari na gidajen za su kasance masu rangwame, ta ce amfanin ya rinjayi illar. Wato ƙin yanke shawara da hukuma ta yi shekara da shekaru bai kare gonar ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke zaɓin wuri daga hannun jama'a ya miƙa wa kamfanin da ya riga kowa ƙulla yarjejeniya da manomi.

Dalilin wannan rige-rige kuɗi ne, kuma a ganina duk wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci rikicin ba. Wani kwamitin majalisar dokoki ya kawo ƙiyasin gwamnati a rahotonsa na 2018: hekta ɗaya ta gona a Ingila, ban da Landan, kuɗinta kimanin fam 21,000, idan aka ba ta izinin gina gidaje sai ta koma kusan fam miliyan 1.95. Ninki casa'in da wani abu ke nan, ba tare da an haƙa ko tushe ba. Ƙasar dai ita ce, takarda ce kawai ta ƙaru, takardar da jama'a ne suka bayar ta hannun hukumarsu. Saboda haka aka samu wata sana'a ta dillalan fili waɗanda su ba magina ba ne. Sukan je wa manomi su ce su za su ɗauki nauyin lauyoyi da masu zane da ɗaukaka ƙara, idan izini ya fito a sayar a ba su kasonsu, idan bai fito ba asarar tasu ce. Suna bin taswira suna neman hukumar da filayenta ba su kai na shekara biyar ba. Ba laifi suke yi ba, doka ce ta buɗe musu hanya. Sai dai gonar da suke zaɓa ita ce wadda mai ita ya yarda, ba lallai wadda ke kusa da tashar jirgin ƙasa ko makaranta ba.

Siyasa ta daɗe tana jin tsoron wannan magana. A watan Yunin 2021, watan da aka yanke hukuncin Colney Heath, jam'iyyar Conservative mai mulki a lokacin ta rasa kujerar majalisar dokoki ta Chesham da Amersham a zaɓen cike gurbi, kujerar da take riƙe da ita tun kafa mazaɓar, kuma fushin jama'a kan shirin sassauta dokar gini yana cikin manyan dalilai. Gwamnatin ta ja da baya, har a Disambar 2023 minista Michael Gove ya mayar da adadin gidajen da ake ɗora wa hukumomi ya zama shawara kawai. Da jam'iyyar Leba ta karɓi mulki a Yulin 2024 ta zo da alkawarin gidaje miliyan ɗaya da rabi a wa'adinta. A Disambar shekarar, ƙarƙashin ministar gidaje ta lokacin, Angela Rayner, aka mayar da adadin ya zama tilas, aka ɗaga jimillarsa zuwa kimanin 370,000 a shekara, alhali abin da aka samu a shekarar 2023 zuwa 2024 bai wuce kimanin 221,000 ba. Aka kuma ƙirƙiro sabon suna: ɗamara mai ruwan toka.

Yadda aka tallata wa jama'a wannan suna shi ne tsofaffin gidajen mai da garejoji da kangaye da suka faɗa cikin layin hurumi, har ana yawan buga misali da wani tsohon gidan mai a unguwar Tottenham ta Landan. Babu mai musun a gina a irin waɗannan. Amma ma'anar da aka rubuta a takarda ta fi haka faɗi, kuma sai an bi ta a hankali.

Hurumi yana da manufofi biyar a rubuce: hana manyan birane malala, hana garuruwa maƙwabta haɗewa, kare karkara daga kutsen gini, kiyaye kamannin tsofaffin garuruwa na tarihi, da tilasta a koma a gyara kangayen cikin birni. Sabuwar ƙa'ida ta ce fili ya zama ruwan toka idan an taɓa gini a kansa, ko kuma idan ba ya taka muhimmiyar rawa a uku daga cikin biyar ɗin: malalar birni, haɗewar garuruwa, da garuruwan tarihi. Kare karkara ba ya cikin ukun. A watan Fabrairun 2025 kuma gwamnati ta fitar da bayanin yadda za a yi awon, ta ce ƙauye ba babban birni ba ne, haɗewar da ake nufi ta garuruwa ce ba ta ƙauyuka ba, garuruwan tarihi ma ban da ƙauyuka. Ka ɗauki gonar alkama kore shar a bakin wani ƙauye. Ba ta tare malalar birni tunda ƙauye take maƙwabtaka da shi. Ba ta raba gari da gari. Manufa ɗaya da take cikawa ita ce kare karkara, ita ce kuma aka cire daga lissafi. Sai ta zama ruwan toka a takarda, ko da ba a taɓa aza dutse a kanta ba. Idan hukumar yankin ba ta da filayen shekara biyar, aka ga wurin yana da hanyoyin sufuri daidai gwargwado, aka cika wasu sharuɗɗa, to ba a ma buƙatar nuna yanayi na musamman. An togace wurare irin su dazuzzukan tarihi da filayen da ke da kariyar halittu da masu haɗarin ambaliya, amma gonar bakin ƙauye da ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan ta rasa mafi yawan garkuwarta. Shi ya sa buƙatun gini suka karkata zuwa ƙauyuka, shi ya sa kuma mutanen ƙauye suke jin an yi musu ba-zata. A kan wannan ina ganin suna da gaskiya. Abin da aka faɗa a baki da abin da aka rubuta ba su zo ɗaya ba.

Sharuɗɗan da aka gindaya uku ne, gwamnati tana kiransu ƙa'idojin zinariya. Dole a ƙara yawan gidaje masu rangwame da maki 15 a kan abin da hukumar yankin ta saba nema, har zuwa rabin gidajen. Dole a inganta abubuwan more rayuwa da sabon ginin zai buƙata. Dole kuma a samar da filin shan iska da jama'a za su iya shiga. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin mafi yawan hurumi gonar wani ce, iyakarka ka bi ta siririyar hanyar ƙafa idan akwai.

Idan buƙata ta shigo, akan ba maƙwabta kwana 21 su rubuto ra'ayi. Majalisar ƙauye tana ba da shawara amma ba ita ke yanke hukunci ba. Mutane sukan kafa ƙungiya, su tara kuɗi, su manna alluna a bakin titi. Da yawa sai a nan suke gano cewa doka ba ta sauraron kowane kuka. Cewa ginin zai tare maka kallon gona ta taga, ko zai rage darajar gidanka, ba hujja ba ce. Abin da ake aunawa shi ne cunkoson titi, ambaliya, magudanar ƙazanta, gurbin yara a makaranta, halittun da ke wurin, da ingancin ƙasar noma. Sannan akwai wani rashin daidaito da ke ƙona ran mutane: idan hukuma ta hana, kamfani yana da damar ɗaukaka ƙara, idan kuwa ta bayar, maƙwabta ba su da wannan damar. Sai dai su garzaya babbar kotu cikin mako shida, ita ma ba ta duba kyau ko munin ginin, kuskuren bin doka kawai take dubawa.

Akwai masu yi wa mutanen ƙauye kallon masu son kai, waɗanda suka samu nasu gida suke rufe wa na baya ƙofa. Akwai irinsu, ba a musu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙauyen da motar haya ke zuwa jefi-jefi, idan aka ƙara masa gidaje ɗari an ƙara masa motoci wajen ɗari biyu a kan titin da aka yi domin keken doki. Asibitin sha-ka-tafi da ake jiran makonni kafin a ga likita ba ya faɗaɗa don an yi alkawari a takarda. A Hertfordshire akwai koguna masu fitowa daga ƙarƙashin farin dutsen alli, irin su Ver da Colne, waɗanda mafi yawan irinsu a duniya a Ingila suke, kuma tuni jan ruwan sha da kwararar ƙazanta suka galabaitar da su. Wanda ya tsaya ya ce a nuna masa inda ƙazantar sababbin gidaje za ta bi kafin a gina, tambayar hankali ya yi.

Hujjar da ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba ita ce ta cewa kangayen birni kaɗai sun isa. Ƙungiyar kare karkara ta CPRE, wadda aka kafa a 1926 kuma Abercrombie yana cikin waɗanda suka kafa ta, ta lissafa a 2022 cewa irin waɗannan filaye za su ɗauki gidaje miliyan 1.2. Adadi ne mai yawa, kuma daidai ne a fara da su. Sai dai da yawansu ba a inda ake tsananin buƙata suke ba. Tsohuwar masaƙa a arewacin Ingila ba za ta ba malamar asibiti da ke aiki a St Albans wurin kwana ba. Wasu kuma ƙasarsu ta gurɓace, share ta yana cin kuɗi, abin da ake ginawa a kai yawanci benaye ne masu ƙananan ɗakuna, ba gidan mai iyali ba. Hana gini kusa da birni kuma bai hana gini ba, tsallaka ɗamarar yake yi ya faɗa can nesa, mutane su riƙa tafiyar awa guda ko fiye zuwa aiki, suna ratsa hurumin da mota safe da yamma.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓangaren magina yana da nasa. Kalmar gida mai rangwame tana ruɗar mutane: a ma'anar hukuma ta haɗa har da gidan da ake karɓar hayarsa kashi 80 cikin ɗari na farashin kasuwa. A garin da haya ta yi tashin gwauron zabi, wannan ba rangwamen da zai kai ga mai sharar makaranta ko direban bas ba ne. Nau'in da ke fitar da iyali daga ɗakin otal shi ne hayar jin ƙai, wadda ake lissafa ta da la'akari da albashin yankin, takan kama kusan rabin farashin kasuwa, ita ce kuma aka fi ƙarancin ginawa. Alkawuran kamfani ana ɗaure su ne da yarjejeniya ƙarƙashin sashe na 106 na dokar 1990, amma an sha ganin kamfani ya dawo bayan samun izini da lissafin cewa ribarsa ba za ta fita ba, a zauna a rage adadin. Sau da yawa dalilin shi ne ya sayi filin da tsada tun farko. Gwamnati ta ce ta taƙaita wannan ƙofa a filayen hurumi, abin da ya rage a ga yadda za ta riƙe.

Sannan izini ba gida ba ne. Ƙungiyar ƙananan hukumomi ta lissafa a 2021 cewa gidaje fiye da miliyan ɗaya da aka ba izini a cikin shekara goma ba a gina su ba tukuna. Binciken da tsohon minista Oliver Letwin ya yi wa gwamnati a 2018 ya gano cewa manyan kamfanoni suna gini ne daidai saurin da kasuwar yankin za ta iya saye ba tare da farashi ya faɗi ba. Wannan hankalin ɗan kasuwa ne, babu wanda zai zuba kaya kasuwa ya karya wa kansa farashi. Amma yana nufin sakin gonaki kaɗai ba zai sauko da kuɗin gida yadda ake fata ba, muddin masu gini don sayarwa ne kaɗai a fagen.

Ra'ayina shi ne dole a taɓa hurumi. Layin da aka ja a shekarun 1950 ba zai iya ɗaukar jama'ar yau ba, kuma yaron da ke yin aikin makaranta a kan gadon otal yana da haƙƙin da ya fi na kallon gona ta taga. Ƙauyukan ma kansu suna buƙatar sababbin gidaje, domin inda matasa suka kasa zama makarantar firamare takan rasa ɗalibai, kanti ya rufe. Akwai ma tsohuwar ƙa'ida da ta yarda a gina 'yan gidaje kaɗan masu rangwame a bakin ƙauye don 'yan asalin wurin, ba a cika amfani da ita yadda ya kamata ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake yi yanzu, gona bayan gona, ta hanyar ɗaukaka ƙara, a wurin da dillali ya ga dama, ribar takardar izini kuma ta tafi aljihun mutum biyu ko uku. Filayen hurumi da ke zagaye da tashoshin jirgin ƙasa, inda mutum zai taka da ƙafa ya shiga jirgi, su ya kamata a fara da su, cikin kundin da aka yi muhawararsa a bainar jama'a. Mutanen ƙauyen da suka ga ginin ba makawa kuwa, ƙarfin da suke kashewa wajen cewa a'a zai fi amfani idan suka karkatar da shi kan sashe na 106: gida nawa ne na hayar jin ƙai, wa za a fara ba, yaushe za a gyara magudana, kafin gini ko bayansa.

Ingila ta taɓa yin wannan aiki ta wata hanya. Hukumomin da suka gina Stevenage da Hatfield da Milton Keynes sun sayi gonaki a kusan farashin gona, ƙarin darajar da filin ya samu ya biya tituna da makarantu da filayen shaƙatawa, har suka mayar wa baitulmali bashin da suka karɓa. Dokar diyyar fili ta 1961 da hukuncin kotu da ya biyo bayanta suka wajabta a riƙa biyan mai fili har da kuɗin begen izinin da bai samu ba tukuna, daga nan hanyar ta yi tsada. A dokar 2023 an ba hukumomi damar karɓar fili ba tare da biyan wannan kuɗin bege ba idan aikin ya ƙunshi gidaje masu rangwame ko makaranta ko asibiti, da sharaɗin minista ya amince. A Satumbar 2025 kuma kwamitin da gwamnati ta naɗa ya ba da sunayen wurare 12 da za a iya kafa sababbin garuruwa, ciki har da Crews Hill da ke Enfield a arewacin Landan, wuri mai tashar jirgin ƙasa da gidajen rainon furanni, wanda yake cikin hurumi.